Shuɗiyar Tutar Orval

Orval Tidwell ya durƙusa gaban buhun tutoci yana lalube, ya zaro ɗaya ya ɗaga ta sama kamar mai duba ko ta yage. Koriya ce, shi kuwa shuɗiya yake nema. Na tura masa ita da gefen takalmina. Ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya ce wa matarsa Lorene rana ce ta haske masa ido.

Ranar kuwa ko gama fitowa ba ta yi ba. Raɓa na nan kwance a kan kankare, ƙamshin furen lemu na tasowa daga gonaki yana cakuɗuwa da hayaƙin gawayi da tsamin giyar jiya daga tantunan 'yan kallo. Asabar ce ta watan Maris, ranar tseren motoci na awa goma sha biyu a Sebring, kuma karo na hamsin da biyar ke nan da Orval zai tsaya da tuta a bakin hanya. Ni nawa na hamsin da bakwai ne, na girme shi a aikin, ko da yake bai taɓa yarda ya faɗa da bakinsa ba.

"Tidwell, sa hular nan," in ji Lorene. Da sunan gidansu take kiransa tun kafin su yi aure. "Bara sai da sanƙonka ya saɓule kamar dafaffen tumatir."

"Sanƙon da ya ga gobarar man fetur ne zai ji tsoron rana? Ki ji da kanki, 'yammata."

Shekararta saba'in da uku. Ta ɗora masa hular da hannunta, ta danna.

Mu uku ne a rumfar kwanarmu, can inda doguwar hanya take ƙarewa motoci su taka birki da dukkan ƙarfinsu. A da mu takwas ne, amma samarin yanzu ba sa son aikin da ba a biya. Ni Hoyt, oba-oba ce a hannuna, ni nake magana da hasumiya inda masu kula da tsere suke. Tuta kuwa aikin mutum biyu ce, fuska da fuska. Mai shuɗiya yana kallon inda motoci suke fitowa. In ya ga mai gudu ta taso wa mai nawa daga baya, sai ya kaɗa wa ta gaban don ta san ana zuwa. Mai ruwan ɗorawa dole ta juya wa motoci baya, ta dubi inda suke nufa, don in wata ta juye a gaba ta ɗaga tuta a rage gudu. Ba ta da ido a ƙeya. Mai shuɗiya shi ne idon ƙeyarta. Duk abin da ya taso musu, mota ce ko ɓallin ƙarfe, shi zai gani, ya damƙo ta ya kai ta ƙasa. Shekara arba'in da uku Lorene tana ba motoci baya, Orval yana tsaye a gabanta.

Tun watan Janairu kuwa Orval ba ya gani.

Ni na kai shi wurin likitan ido a Lakeland. Muka ce wa Lorene za mu tafki kamun kifi, har muka saka ƙugiyoyi a bayan mota. Likitar, wata yarinya da ba ta kai jikata ba, ta ce tsakiyar idon ce ta mutu, duka biyun, gefe-gefe kawai ya rage, kuma abin ba ya komawa. In ya kalli fuskarka, kafaɗunka zai gani da wani baƙin tabo a tsakani. A hanyar dawowa muka tsaya a kasuwa muka sayi kifi uku don kada mu shiga gida hannu wofi. A nan, gaban mai kifi, ya sa na rantse masa ba zan gaya wa Lorene ba. Tsere ɗaya kawai yake so, na hamsin da biyar, daga nan shi da kansa zai gaya mata. Ya daina tuƙi, ya ce gwiwa ce. Ya daina karanta jarida, ya ce ƙarya ta yi yawa a ciki. Lorene ta yarda, don duka biyun sun yi kama da halinsa.

Da ta tafi ɗebo ƙanƙara, na ja shi bayan rumfa. Na ce masa har yanzu akwai lokaci. Ya karɓi oba-oba, ni in riƙe shuɗiya, mu ce kafaɗarsa ce take ciwo.

"Mai oba-oba lambar mota yake karantawa," ya ce. "Da me zan karanta?"

"To ka karɓi ruwan ɗorawa."

"In juya baya, mota ta kife a gaba ban gani ba, goma su afka mata? Kai dai tsufa ya fara taɓa maka kai." Ya karkata kai gefe kamar kaza, don ya same ni ta wutsiyar ido. "Shuɗiya da kunne nake yin ta, Hoyt. Tun kafin idon ya lalace da kunne nake yi. Saurara."

Motoci sun fito ɗumama inji. Ya juya wa hanya baya da gangan, ya riƙa faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta Jamusawa ce, ajin ƙasa. Wannan ta Detroit, ji yadda take gurnani kamar an taka wa bijimi wutsiya. Waɗannan biyu ne a jere, ta bayan ajin sama ce, za ta wuce kafin birki. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ni ma na iya, har na fi shi a kan na Italiya, amma gaskiya ranar ya burge ni.

"Kunne ba ya ganin abin da ya taso wa Lorene," na ce.

"Duk abin da zai kashe mutum a wurin nan yana ihu kafin ya iso." Ya kama hannun rigata. "Awa goma sha biyu nake roƙonka. In na sauka yau, gobe ni wane ne? Tsohon da ake zaunar da shi a baranda ana ba shi romo. Kai ma ka tsaya kusa, ka riƙa leƙa mini. Ido huɗu ke nan."

Biyu ne, amma ban gyara masa lissafi ba.

Wajen ƙarfe tara shugabar masu tuta ta zagayo a 'yar motar nan mai batir. Yolanda Pruitt sunanta, Orval ne ya koya mata riƙe tuta tana 'yar shekara goma sha tara. Ta ce, "Baba Orval, lafiya dai ko? Idanu garau?" Tambaya ce da take yi wa kowa duk shekara. Ya ce mata yana hango gashin hancin direba tun daga kwanar baya. Ta yi dariya, ta ce baɗi za a kafa mana allon fitilu a nan, mutum ɗaya ya danna maɓalli, a huta da kaɗa ƙyalle. Orval ya ce a kafa, shi ya ga abubuwa da yawa da aka kafa, kuma yana nan a tsaye ranar da aka zo cire su.

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Mu muka ga komai. Muna yara muke kutsowa ta cikin gonakin lemu, mu kwanta rub da ciki a ƙarƙashin waya, lokacin da filin nan bai daɗe da sallamar jiragen yaƙi ba, ana shata hanya da gangunan mai da dammunan ciyawa. Mun ga zamanin da direbobi suke jeruwa a tsallaken titi, a ba da alama su sheƙa a guje zuwa motocinsu, wasu su fizga ba su ko ɗaura bel ba. Gasar duniya ta farko a nan ta buɗe. Italiyawa suka zo da jajayen motocinsu suka ci suka ci, mutanen Detroit suka zo da kuɗi suka ƙwace, da suka ƙoshi suka kwashe kayansu. Jamusawa suka zo suka daɗe. Aka yi zamanin motocin da ke aman wuta ta bututu, aka yi na Japanawa, aka yi na masu shan man dizal da ke wucewa shiru kamar ɓarayi. Gasar duniyar ta mutu a shekarar casa'in da biyu, bayan shekara ashirin aka tayar da wata. Tamu ta gida ta rabu biyu, masu kuɗi suka yi ta gaba da juna, suka dawo suka haɗe. Duk canjin suna sai a ba mu sabon tambari mu ɗinka a farar riga. Lorene tana da gwangwanin biskit cike da tsofaffin. Kamfanoni sun zo sun tafi, direbobin da muka sani rabinsu suna ƙarƙashin ƙasa, na ga mutuwar huɗu da idona. Abokanmu na rumfa biyar sun bi su, ba ko ɗaya a bakin hanya, duk a gadon asibiti. Kankaren nan ne kawai bai canza ba, sai mu.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci aka saki motocin. Wanda bai taɓa tsayawa taku goma daga motoci hamsin da ke taka birki lokaci guda ba, ba zan iya kwatanta masa ba. A ƙirji ake ji, a haƙori. Lorene ta juya musu baya kamar mai juya wa tukunya baya a kicin, ta kafa ido can gaba. Orval ya tsaya a gabanta, hannun dama da tuta, na hagu a sake kusa da bel ɗinta, yadda ya saba.

Ni kuma na raɓe a kafaɗarsa, waya a kunne, ido a kan hanya.

Awa uku na farko ya yi aikin da ko mai ido sai ya yi da gaske. Da manyan suka fara cin ƙananan, shuɗiyar ta riƙa fita a daidai lokacinta, ba gaggawa ba jinkiri. Wani direba har ya ɗaga masa yatsu yana wucewa. Na gaya masa a kunne. Ya ce ya gani.

Da azahar wata mota ta mutu a can wani gefen, aka fito da motar da ke jan gaba a hankali, muka sami sararin zama. Lorene ta buɗe kula ta fito da burodi da kaza da dafaffiyar gyaɗa, ta zuba mana shayi mai ƙanƙara. Ta miƙa wa Orval kofi, ya kai hannu ya wuce shi, ya dawo ya kama. Ta ce ya fara rawar hannu irin ta tsofaffi. Ya ce girgizar ƙasa ce. Sai ya shiga ba mu labarin shekarar da aka yi ruwan da ya kai gwiwa a wurin gyaran motoci, wai shi ya ga taya tana iyo da makaniki a kanta. Labarin nan na ji shi ya fi sau ɗari, kuma ni ne na ga tayar, shi yana banɗaki. Lorene tana ɓare masa gyaɗa tana cewa bara ruwan a ƙugu ya tsaya, bana ya sauka, ko fari ake yi.

Na dube su. Sau biyu na buɗe baki zan gaya mata. Na farko ya riga ni da wata maganar, na biyu hasumiya ta ce a shirya, za a sake su.

Bayan ƙarfe huɗu zafi ya kai inda yake kaiwa. Kankare na tururi, roba ta taru a gefen hanya kamar kashin awaki, direbobi sun gaji, motoci sun fara kwancewa. Kowa ya san filin nan da haka, ramukansa sukan sassauta duk abin da aka ɗaure. Orval ya jiƙe sharkaf. Na lura ya daina karkata kai, ya rufe idon ma gaba ɗaya, kunne kawai yake bi. Ni ma ƙafata mai ƙarfe a ciki ta fara yi mini magana, amma ban matsa ba.

Sai hasumiya ta kira ni. Wai an ce akwai ɓallin fiffiken mota a kan hanya bayan kwanarmu, in duba in tabbatar. Dole in juya. Na bar kafaɗar Orval, na yi taku huɗu, na leƙa ta kan shinge. Na ga abin, na danna maɓalli na fara bayani.

Abin da ya faru a bayana daga baya na gan shi a talabijin, kamar kowa. Wata farar mota ta ajin ƙasa, ba ta daɗe da fitowa daga canjin taya ba, tana taka birki tayar gaba ta fice. Motar ta zube a kan ƙarfe ta yi ciyawa, can nesa da mu, tana ƙara. Tayar kuwa ta ci gaba ita kaɗai. Ta daki kankare ta tashi, ta sake duka ta tashi sama da haka. Taya ba ta da inji. Ba ta gurnani, ba ta ihu. Ta yi daƙiƙa uku cur tana zuwa, a miƙe, a gaban fuskar Orval, yadda ko yaron goye zai gan ta.

Na juyo ne daidai lokacin da ta daki saman shinge. Ta shigo ta tagar da ake fitar da tuta, ta wuce ta bayan kunnen Lorene, ta fizge ruwan ɗorawar daga hannunta, ta karya ginshiƙin rumfa, ta ragargaza kula, ta je ta kwanta jikin wayar 'yan kallo tana hayaƙi. Rufin rumfa ya sauko gefe guda. Ƙanƙara da gyaɗa suka watsu ko'ina.

Lorene tana tsaye inda take, hularta ta tafi, hannunta a ɗage babu komai a ciki sai guntun sanda. Orval kuma yana kaɗa shuɗiya. Wata babbar mota ce ya ji ta taso, yake yi mata aikinta. Hannunsa na hagu yana nan a sake kusa da bel ɗinta, bai motsa ba.

Ban san yadda aka yi na gama magana da hasumiya ba, amma an ce na faɗi lambar motar daidai, muryata ko rawa ba ta yi ba. Na zaro wata tutar daga buhu na kaɗa har aka tsayar da gudu. Ƙara ta ragu, motoci suka jeru suna tafiya a hankali. A cikin wannan shirun Orval ya sauke hannu, ya juya kai hagu da dama.

"Me ya fashe?" ya ce.

A hankali ya faɗa. Mu biyu kawai muka ji.

Lorene ta dube shi. Mutumin nan ya sha kayar da ita a kan guntun roba da bai kai tafin hannu ba, har ta taɓa yin mako ba ta yi masa magana ba saboda ya fasa mata tabarau a banza. Ta ɗaga hannun da ke jini, ta kai shi daidai fuskarsa, ta riƙe a nan. Bai ƙifta ba. Yana kallon wani wuri kusa da kafaɗarta, yana jiran amsa.

Ta sauke hannun. Ta juyo gare ni.

"Kifin Janairu," ta ce. "Na ga takardar kasuwa a manne a cikin ledar. Na zaci wani sakarcin kuka je yi irin naku na maza."

Na ce mata bari in duba yatsun. Ta ce in bar su.

Orval ya gane. Na ga lokacin da abin ya shige shi, ya laluba bayansa yana neman kular da zai zauna a kai, babu ita. Na tura masa kujerata. Ya tambaye ni ko mene ne, na gaya masa. Ya tambaya ta ina ta bi. Na kama hannunsa na nuna masa, daga tagar zuwa kunnen matarsa, tazarar ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya ce, "Lorene." Ba 'yammata ba. Tana tsugune tana tsince gyaɗa daga ƙasa ɗaya-ɗaya tana zubawa a hularsa da ta faɗi.

A bayan waya kuwa 'yan kallo sun haukace. An nuna abin a babban allo, an sake nunawa. Ga taya tana tashi, ga tsoho da farin gemu a tsaye ƙyam, ko gezau, yana kaɗa tuta. Wasu samari masu hular kan saniya suka fara kiran "Tsoho! Tsoho!" suna buga gwangwanaye. Wani ya cillo masa giya ta kan waya.

Yolanda ta iso da mai ba da magani da mutum biyu masu gyaran shinge. Ta rungume Lorene, ta rungume Orval, idonta ya kawo ruwa. Aka naɗe yatsun Lorene, biyu sun tsage amma ba karaya. Yolanda ta ce duk hasumiya maganar Orval ake yi, ba a taɓa ganin ƙarfin zuciya irin wannan ba. Masu lasifika suna son a kawo shi yanzu-yanzu ya yi wa jama'a magana, shekara hamsin da biyar, ga kuma wannan. Ta ce gyaran zai ɗauki minti ashirin, in Lorene tana so a kawo wani ya karɓe ta, ta je ta huta.

Lorene ta ce ba inda za ta. Ba ta taɓa barin tsere a tsakiya ba.

"To Baba Orval ya je ya dawo, kafin a sake su yana nan."

Ina jin hucin Orval. Kalma ɗaya daga bakin Lorene, ko daga nawa, ta isa ta tona shi. Ya ɗago kai wajen da yake zaton tana nan, ya yi kuskure da kusan taku guda.

"Ki aiko mana da mai oba-oba, Yolanda," in ji Lorene. "Hoyt zai riƙe shuɗiya."

"Har Baba ya dawo?"

"Hoyt zai riƙe."

Yolanda ta dube ta, ta dubi Orval, ta dube ni. Yarinya ce mai hankali, amma ranar ta zaɓi kada ta gane. Ta ce to, gigita ce, kowa ya huta yadda ya ga dama.

Orval ya miƙe. Tutar tana hannunsa har lokacin. Ya naɗe ta a jikin sandar a hankali, yadda ya koya wa mutum ɗari, ya soke bakin, ya miƙo ta cikin iska. Na zagayo na karɓa.

"'Yammata," ya ce, "in na je me zan ce musu?"

Ta kakkaɓe hular, gyaɗar da ta tsince ta sake zubewa, ta sa masa a hannu.

"Ka ba su labari, Tidwell. Ai ka iya."

Yolanda ta kama gwiwar hannunsa don girmamawa, shi kuwa ya bi ta don ba shi da wata hanyar samun motar. 'Yan kallo suka yi ta tafi har suka ɓace.

Aka ɗaure ginshiƙi da waya, aka ja tayar aka tafi da ita. Wata mata daga kwanar gaba ta zo ta karɓi oba-oba. Rana ta karkata, ta fara shiga idon direbobi. Na tsaya inda Orval yake tsayawa, ƙafafuna a cikin ramukan da nasa suka yi a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya rabona da shuɗiya, amma hannu bai manta ba. Lorene ta ɗauki sabuwar ruwan ɗorawa da hannun hagu, ta zo gabana, ta juya wa hanya baya.

Sai lasifikar da ke kan sanda ta yi ƙara, mai sanarwa ya ce ga shi tare da gwarzon yini. Ya tambaye shi ko ya ji tsoro.

Sai muryar Orval ta fito, babba, ta cika filin, irin muryar da yake ba da labarin ruwan sama. Ya ce tsoro? Shi tun tayar tana jikin motar ya ga tana rawa. Ya auna ta da ido, ya san inda za ta bi, ya ga ba za ta taɓa kowa ba, to don me zai bar aikinsa? Ya ce a zamaninsu ba shinge ma, dammunan ciyawa ne. Jama'a suka ɗauki ihu. Ya ci gaba, ya shiga shekarar sittin da tara, muryar tana ƙara ƙarfi, tana ɗan tsagewa a ƙarshen kowace magana.

Lorene tana tsaye taku ɗaya daga gare ni. Idonta a bushe yake, yana can kan hanyar gaba, jini ya fara ɓullowa ta cikin bandejin. Mai oba-oba ta ce an sake su. Daga can nesa ƙarar ta taso, ta haɗiye muryar Orval.

"Hanya za ka kalla, Hoyt," ta ce. "Ba ni ba."